Mai Kamu Ba Shi Ne Alƙali Ba

Daga Kaduna zuwa Birnin Gwari tafiyar kusan kilomita 120 ce. Mota ta kan fita ta Mando, ta bi ta Buruku da Udawa, sa'an nan ta kutsa cikin daji, ta yi ta tafiya ba ta ganin kowa sai itatuwa. Wannan ita ce tsohuwar hanyar Ikko, wadda ta zarce Tegina ta nufi kudu. A Birnin Gwari kuma wata ta rabu ta yi arewa, ta bi ta Dogon Dawa zuwa Funtuwa. A bisa hanyoyin nan masara da dawa da shanun ƙasar su ke fita, ta nan kuma gishiri da taki da magani su ke shigowa. Saboda haka duk abin da ya taɓa direba ya taɓa manomi, ya taɓa mai awo, ya taɓa har tsohuwar da ke jiran a kawo mata magani daga Kaduna.

Shekaru da yawa mutanen ƙasar nan sun sha wuyar da ba ta faɗuwa a hannun 'yan fashin da suka yi sansani a dazuzzukan Kamuku da Kuyambana. Su kan tare hanya, su tsai da mota, su yanka wa mutum abin da zai biya, ba a tambayarsa me ya yi, ba shi kuwa da inda zai kai kuka. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya buɗe kasuwar shanu bayan ta yi shekaru a rufe, motoci suka fara komowa. Inda motoci suka yawaita kuwa, lalle ma'aikatan hanya za su yawaita, da su da littafinsu na rubuta tara. Wannan daidai ne, gama hanya ba ta zama lafiya sai da masu tsaronta. Amma akwai wata magana da ta zauna daram a bakin direbobi da 'yan kamasho a tasha, wadda ta kamata a tumɓuke ta tun daga saiwa. Maganar ita ce, wai in an rubuta wa mutum tara, ko ya yi laifi ko bai yi ba, sai ya biya ya wuce, domin ba a ja da mai kaki. Wannan magana ƙarya ce, doka ba ta san ta ba, addini bai san ta ba, kuma ita ce ta ke ciyad da masu cin hanci.

Mene ne takardar tara?

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya a 1988, shugabanta na fari shi ne Wole Soyinka. A 2007 aka sake yi mata doka, aka jera laifofin hanya a jadawali, ko wane da kuɗinsa. A jadawalin nan na 2007, rashin ɗaura bel naira 2,000 ne, wuce ƙa'idar gudu 3,000, yin waya ana tuƙi 4,000, lodin da ya wuce kima 10,000, tuƙi ba lasin 10,000, tuƙin ganganci kuwa 50,000. Jihar Kaduna ita ma tana da tata hukumar, watau KASTLEA, ga kuma 'yan sanda, ko waɗanne da dokar da ta ba su aiki.

To, sa'ad da ma'aikacin Hukumar Kiyaye Haɗurra ya cika takarda ya miƙa wa direba, abin da ya miƙa masa sanarwa ce cewa ana tuhumarsa da laifi kaza. Dokar ta ajiye wa direban hanya biyu. In ya san ya yi laifin, ko kuwa ba ya son wahalar shari'a, sai ya je banki ya biya abin da jadawali ya faɗa, ya karɓi rasit, magana ta mutu. In kuwa ya ce bai yi ba, sai a kai maganar gaban majistare. Biyan nan da mutum ya ke yi, ma'anarsa ita ce ya yafe haƙƙinsa na a yi masa shari'a. Abin da a ke yafewa kuwa, ai sai abin da mutum ya mallaka. Wanda aka ɓoye wa hanya ta biyu, aka nuna masa ta fari kaɗai, ba yafewa ya yi ba, ƙwace masa aka yi.

Kuɗin kuma ba a hannun ma'aikaci a ke zuba su ba. Asusun gwamnati su ke shiga ta hanyar banki. Duk kuɗin da aka dunƙule aka miƙa ta tagar mota ba tara ba ne, hanci ne, dokar 2007 ɗin nan kuwa ta sa wa direban da ya nemi ba ma'aikaci hanci tarar naira 10,000. Watau mai cewa a biya a wuce ya fid da direba daga laifin da watakila bai yi ba, ya jefa shi cikin wanda ya yi tabbas.

Abin da tsarin mulki ya ce

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya fi ƙarfin ko wace doka ta hanya. Sashe na 6 ya danƙa ikon yanke hukunci a hannun kotuna. Sashe na 36 kuma ya shimfiɗa abubuwan da duk wanda a ke tuhuma ya ke da su, ko ministan gwamnati ne ko karen mota. Ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatad da laifin. Tilas a gaya masa abin da a ke tuhumarsa da shi cikin harshen da ya ke ji. Tilas a ba shi lokacin shirya amsarsa. Yana da ikon kare kansa da bakinsa, ko ya ɗauki lauya in ya ga dama. Yana da ikon yi wa shaidun da aka kawo tambayoyi, ya kuma kawo nasa. In ba ya jin harshen da a ke shari'ar da shi, sai a ba shi tafinta, ba ya biyan ko kwabo. Bayan wannan duka, ba a kama mutum da laifin da ba a rubuta shi cikin doka ba, tare da hukuncinsa.

Mai karatu ya lura da wannan na ƙarshe da kyau. In ma'aikaci ya ce mota ta yi laifi, to, laifin yana da suna, yana da gurbi a jadawali, yana da kuɗin da aka yanka masa. Laifin da aka ƙaga a bakin hanya, a ke cinikinsa kamar cinikin akuya, a fara da dubu ashirin a sauko dubu biyar, wannan ba daga littafin doka ya fito ba.

Tun kafin zuwan Turawa

Waɗansu su kan ce wannan duk al'adar Nasara ce. Ba haka ba ne. Ko wane almajirin da ya zauna gaban malami ya san ƙa'idar shari'a, cewa kawo hujja yana wuyan mai da'awa, ba a kuwa yanke hukunci sai an ji ta bakin ɓangare biyu. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Aliyu, yana Sarkin Musulmi, ya ga sulkensa da ya ɓata a hannun wani mutum wanda ba Musulmi ba. Yana da rundunar da za ta karɓo masa cikin ƙiftawar ido, amma sai ya kai ƙara wurin Alƙali Shuraihu. Alƙali ya nemi shaidu, bai karɓi shaidar ɗa ga mahaifinsa ba, ya bar wa mutumin sulke. To, in Sarkin Musulmi bai zama mai ƙara kuma alƙali a kan sulkensa ba, ina dalilin da ma'aikacin hanya zai zama mai kamu, ya zama shaida, ya zama alƙali, ya kuma zama ma'aji, duk a gindin itace guda?

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa karɓar dukiyar talakawa ba bisa shari'a ba, da gaisuwar da a ke kai wa masu iko, cikin halayen mulkin zalunci. Ko a zamanin En'e, ɗan doka ya kan kama mutum ne ya kai shi gaban alƙali, alƙali ya ji, mufti ya rubuta, a ba da rasit. Ba a ce zamanin nan babu zalunci ba, akwai shi, har da yawa. Amma ko a lokacin kowa ya san ɗan doka dabam, alƙali dabam. Abin kunya ne a ce jikokin waɗannan mutane sun manta da abin da kakanninsu suka sani.

Waɗanda suka gwada

Maganar nan ba a takarda kaɗai ta tsaya ba, an gwada ta. A 2014 wani lauya a Ikko, Tope Alabi, ya yi nasara a Babbar Kotun Tarayya a kan Hukumar Kiyaye Haɗurra, bayan an tsare motarsa an sa masa tara. Mai Shari'a John Tsoho ya ce yanka wa mutum tara aikin kotu ne, ya kuma sa a biya shi diyyar naira miliyan 1. A wata shari'a dabam, ta Ediru, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ga cewa hukumar tana da ikon ba da takardarta, tun da ya ke mai mota yana da zaɓi, ya biya ko ya tafi kotu. A watan Oktoba na 2024 kuma Mai Shari'a Evelyn Maha ta Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa ma'aikatan duba motoci na Abuja ba su da ikon tsai da mota, ko kama ta, ko sa wa mai ita tara. Wanda ya kai ƙarar lauya ne, Abubakar Marshal.

Alƙalan nan sun saɓa a kan iyakar ikon ma'aikata, wannan kuwa aikin lauyoyi ne su yi ta fafatawa. Amma akwai wurin da duk suka haɗu. Wanda ya rage ikon hukuma ya rage ne domin hukunci na kotu ne. Wanda ya bar mata ikonta ya bar mata ne domin ƙofar kotu a buɗe ta ke. Babu ko ɗaya da ya ce maganar ma'aikaci ita ce ta ƙarshe.

Amsa ga masu musu

Na fari ya kan ce, tarar naira 3,000 ce, zuwa kotu kuwa zai ci wa mutum kwana biyu na aiki da kuɗin mota, ina riba? Wannan magana tana da nauyi, ba a raina ta. Direban haya da ke kai wa mai mota balas kullum ba shi da kwanakin zubarwa, babu kuwa mai zarginsa in ya auna ya ga biya ya fi masa sauƙi. Amma a yi lissafin har ƙarshe. Wanda ya biya a kan laifin da bai yi ba yau, ya koya wa mai rubutu cewa motar nan saniyar tatsa ce. Gobe zai biya, jibi zai biya. Kuɗin kuma ba daga aljihunsa kaɗai su ke fita ba, ya kan ɗora su a kan ko wane buhu da ko wane fasinja, har su iske matar da ke awon mudu guda a kasuwa. Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya kuwa bai fi ƙarfin ƙungiya ba. Ƙungiyar direbobi tana karɓar kuɗi a tasha ko wace safiya. In ta ware kaɗan daga ciki ta riƙe lauya guda, wanda zai tsaya wa duk ɗanta da aka zalunta, da ta yi abin da a ke karɓar kuɗin dominsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu ya kan ce, ja da hukuma rashin ladabi ne, gara mutum ya bar wa Allah. Haƙuri abu ne mai kyau, amma a dubi wanda ya gina kotun. Gwamnati ce ta gina ta, ta naɗa majistare, ta ke biyansa albashi domin ya ji irin wannan magana. Wanda ya kai kukansa can ya bi hukuma ne sau da ƙafa. Mai rashin ladabi shi ne wanda ya zagi ma'aikaci, ko ya taka mota ya gudu, ko ya tara 'yan tasha su yi masa ihu. Kuma barin abu ga Allah bai hana ɗaure raƙumi ba.

Na uku, wanda sau da yawa ma'aikaci ne, ya kan ce direbobi ba waliyyai ba ne, in aka sakar musu wannan ƙofa kowa zai ce bai yi ba, rayuka kuwa suna salwanta a hanya. Rabin maganarsa gaskiya ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai mai ɗora mutane a kan buhuna har mota ta rinjaya, akwai mai tafiya da taya sulɓaɓɓiya, akwai mai shan ƙwaya ya kama sitiyari, akwai yaron da bai taɓa ganin lasin ba yana jan mutum goma sha takwas. Waɗannan a kama su, a hukunta su, jinin da su ke zubarwa ba na wasa ba ne. Amma kotu ba mafakar mai laifi ba ce. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wanda ya san lodinsa ya wuce kima ba zai so tsayawa gaban majistare ba, gama can ana iya yanka masa abin da doka ta tanada duka, har da ɗauri a manyan laifofi. Ma'aikaci mai gaskiya kuma ba shi da abin tsoro, ya zo da shaidarsa ya faɗi abin da ya gani. Wanda kotu ta ke tsorata shi kaɗai ne mai rubuta abin da bai faru ba.

Rana tana faɗuwa

Akwai wani abu da ya sa maganar nan ta fi zafi a Birnin Gwari bisa ga sauran wurare. A cikin birnin Kaduna, in aka tsare mota awa uku, mai ita ya yi hasarar awa uku ke nan. A hanyar daji kuwa ba haka ba ne. A misalta direba ya taso da masara da fasinja, aka tsai da shi bayan la'asar, aka karɓi takardunsa, aka ce ya jira. Yana duban rana, fasinja suna dubansa, kowa ya san abin da shekarun baya suka koya wa mutane game da dare a wannan daji. Nan da nan za a ji fasinja da kansu suna cewa, direba ba shi abin da ya ke so mu tafi. Mutumin da ke cikin wannan hali ko nawa aka ce zai biya, ba don ya yarda ya yi laifi ba, sai don tsoron magariba. Duk ma'aikacin da ya mai da faɗuwar rana abin karɓar kuɗi, ya ci amanar kakin da ke jikinsa, ya kuma ɓata sunan abokan aikinsa masu tsayawa cikin rana da ƙura saboda Allah.

Mutanen Birnin Gwari sun riga sun ga irin mulkin da mai tare hanya shi ne mai yanka kuɗi, shi ne mai karɓa. Abin da ya raba hukuma da wancan mulki ba kaki ba ne, gama an sha ganin ɓarayi da kaki. Abin da ya raba su shi ne, a wurin hukuma akwai rubutacciyar doka, akwai rasit, akwai wani na uku wanda ba shi da rabo cikin kuɗin, zai saurari talaka ya ce masa ka yi ko ba ka yi ba. In aka toshe wannan, yaron da ya tashi a Randagi ko Kuyello ba zai ga bambanci ba, ƙasar da 'ya'yanta ba su ga wannan bambanci ba kuwa zaman lafiyarta ba ya daɗewa.

Abin da ya kamata a yi

Direban da aka tsayar ya tsaya, ya yi sallama, ya nuna takardunsa ba gardama. In an ce ya yi laifi, ya nemi a gaya masa sunan laifin, a kuma rubuta masa. Ya karanta takardar kafin ya sa hannu, in da Turanci ta ke ya nemi a fassara masa. Nan ne amfanin yaƙi da jahilci ya ke bayyana, gama wanda ya iya karatu ba a rubuta masa kaza a ce masa kaza ne. Ya duba kwanan wata, da wuri, da lambar mota, da sunan ma'aikaci. In an riƙe lasin ko wata takarda, ya tabbata an rubuta abin da aka riƙe. In yana da wayar da ke ɗaukar hoto, ya ɗauki lodin ko tayar da a ke magana a kai, ya kuma riƙe sunan fasinja biyu da za su yi shaida. Sa'an nan ya auna tsakaninsa da Allah. In ya yi, ya biya a banki ya gyara halinsa. In bai yi ba, ya faɗa da ladabi cewa yana so a kai shi kotu, kada kuwa ya jefa takardar a aljihun mota ya manta, gama shiru ba ya kashe tuhuma. Ranar shari'a ya je da wuri. In hukunci bai gamshe shi ba, akwai ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu, amma tana da wa'adi, ba a jinkiri. Wanda ma'aikaci ya wulakanta kuma yana iya kai kuka ofishin shugabansa, ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975.

Hukuma ita ma da nata. A buga takardar tara da Hausa tare da Turanci, a rubuta zaɓin nan biyu da manyan baƙaƙe yadda ɗan ajin dare zai karanta. A kafa allon laifofi da kuɗinsu a ko wace tasha. A riƙa zaunad da kotun tafi-da-gidanka a ranakun kasuwa, majistare na gaske yana zaune, domin a gama magana a yini guda, amma a bar mutum ya yi magana, kada a mai da ita wurin karɓar kuɗi da sauri. A kuma yi wa ma'aikata umurni mai ƙarfi, kada a tsare motar fasinja a hanyar daji da yamma saboda ƙaramin laifi. A rubuta takarda, a sallame ta, magana ta jira safiya.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Hukumar da ta bar talaka ya yi musu a gaban alƙali ba ta rage ƙarfinta ba, gama tarar da aka biya bayan an ji ta bakin mutum ta fi shiga jiki, ta fi kuma hana shi komawa. Allah ya ba shugabanni ikon yin adalci, ya ba talakawa sanin haƙƙinsu, ya kiyaye matafiya a hanyar Birnin Gwari da sauran hanyoyi duka, amin.